Da Hannuna Na Ɗaga Shi

Assalamu alaikum. Fiye da shekara goma ke nan ina ɗauke da wannan labari a ƙirjina, kuma in ban da mahaifiyata da matata ba wanda na taɓa ba shi cikakke. Abin da ya sa na yanke shawarar fitar da shi yau, tambaya ce da samari ke yawan yi mini idan suka gan ni a motar asibiti. Sai ka ji yaro ya ce, “Yaya, wai don ɗauko mutum a kai shi asibiti ne sai an yi shekaru ana karatu?” Ba na jin haushinsu. Ni ma da bakina na sha faɗin haka.

A wani gari na tashi da ke bakin titin Kano zuwa Zariya, ba nisa da Kwanar Ɗangora. Duk wanda ya girma a gefen wannan titi ya san ƙarar birki da wadda ke biyo bayanta. Tun muna yara, da an ji ta sai kowa ya bar abin da yake yi ya ruga. Manya su fasa ƙofar mota su jawo mutane, mata su kawo ruwa a bokiti, mu kuma mu tsaya muna kallo. A idona a lokacin babu jarumi kamar wanda ya fara isa ya sungumi mai rauni.

Na gama sakandare a 2004. Na ci Hausa da Addinin Musulunci da Bayoloji, na faɗi Lissafi da Kimistiri da Fizis. Ban damu sosai ba, don ba ni da niyyar ci gaba. Na shiga ƙungiyar 'yan agaji ta masallacinmu, na ɗinka kaki, muna fareti, muna gyara sahu ranar Juma'a da Idi, muna kula da jama'a a wurin tafsirin azumi. A nan aka yi mana kwas na kwana uku kan taimakon farko: yadda ake naɗa bandeji, yadda ake kwantar da wanda ya suma, yadda ake ɗaure karaya da katako. Aka ba mu takardar shaida, na kai aka sa mata leda na rataye a ɗaki. Daga ranar mutanen unguwa suka fara ce mini “Likita”, ni kuma ban hana su ba.

A 2008 na samu aikin tuƙa motar wani asibitin kuɗi. Bas ce aka cire wa kujeru, aka sa gado ɗaya da jiniya da tukunyar iskar oksijin wadda sau da yawa ba komai a cikinta. Rabin aikinmu kai gawa gida ne, rabin kuma kai wanda aka tura babban asibiti a Kano. Shi ya sa har gobe a ƙauyukanmu idan an ga irin wannan mota sai a fara salati, don motar gawa aka ɗauke ta.

Da daminar 2011 abin ya faru. Ina dawowa daga Kano bayan la'asar, ni kaɗai, na tarar da wata motar haya tayarta ta fashe ta yi ta ƙundumbala har cikin gona. Jama'a sun riga sun taru. Da suka ga motar asibiti sai aka dare mini hanya ana cewa, “Alhamdu lillahi, ga ma'aikaci ya zo.” A cikin ciyawa akwai wani saurayi da bai wuce shekara 25 ba, motar ta yi jifa da shi. Idonsa biyu, hankalinsa garau, ba jini a jikinsa sai ɗan ƙujewa a goshi. An riga an kwara masa ruwa. Na durƙusa a kansa, ya dube ni ya ce, “Yaya, wuyana. Hannuwana kamar ana tsira mini allurai.” Ina kallo yana motsa ƙafafunsa, yana jan dugadugansa a ƙasa kamar mai son tashi. Wannan na gani da idona, kuma shi ne abin da ya hana ni barci daga baya.

Na ce masa, “Kada ka damu ƙanena, yanzu za ka ga likita.” Na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa, wani ya kama ƙafafu, muka cira shi sama. Kansa ya langaɓe ta baya. Ya yi wata ƙara guda ɗaya, sai ya yi shiru. Muka shimfiɗa shi a gadon mota, ba wanda ya riƙe masa kai, na kunna jiniya na taka mota iya ƙarfina, ina faɗa wa ramuka, ina jin cewa kowane minti na rage ceton rai ne. Da muka isa asibiti ba ya iya motsa hannu ko ƙafa, numfashinsa kuma da ƙyar yake fita. A rana ta uku Allah Ya karɓi abinsa.

Na koma asibitin ne don in duba shi, na tarar an fita da shi. Likitan da ya karɓe shi ya gane ni, ya kira ni ofishinsa, ya ce in ba shi labarin yadda na same shi. Na faɗa masa komai har da alfahari. Bai yi mini tsawa ba. Ya jawo takarda ya zana mini ƙasusuwan wuya guda bakwai, ɗaya bisa ɗaya, da lakar da ta ratsa ta tsakiyarsu. Ya ce idan ƙashi ya karye amma bai goce ba, lakar tana iya zama da sauran lafiya, shi ya sa mutum zai iya motsa ƙafa. Idan aka bar kai ya langaɓe, karyayyen ƙashin sai ya datse ta. Ya ɗora biro a kan na uku da na huɗu da na biyar, ya ce daga nan jijiyar da ke sarrafa tantanin numfashi take fitowa. Sannan ya ce, “Malam, ba zan ce kai ka kashe shi ba. Ajali na Allah ne, kuma mai yiwuwa raunin ya riga ya yi nisa. Amma mutumin da ya ce maka wuyansa, ya ce hannuwansa na masa tsira, ya gama gaya maka abin da ke damunsa. Kai ne ba ka san yaren ba.”

Na yi mako biyu ban fita aiki ba. Innata ce ta matsa mini har na faɗa mata. Ta yi kuka, ta ce in je in ga limamin unguwa. Na je ina sa ran zai ce mini ƙaddara ce, in manta. Ya ce ƙaddara ce, haka ne. Amma sai ya kawo mini labarin wani sahabi da dutse ya fasa masa kai a wata tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko zai iya yin taimama, suka ce a'a, ya yi wanka ya rasu. Da labari ya je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna fushinsa ƙwarai, ya ce don me ba su tambaya ba tunda ba su sani ba, ai maganin rashin sani tambaya ce. Liman ya ce, “Su ma alheri suka nufa, kamar yadda ka nufa. Ka yi istigfari, ka yi wa yaron addu'a, sannan ko ka bar aikin nan ko ka je ka koye shi.”

A bakin wannan likita na fara jin kalmar paramedik. Ya ce akwai ma'aikacin lafiya da aka horar musamman don abin da ke faruwa kafin a iso asibiti, a bakin titi, a cikin gida, a cikin mota tana gudu. Ba direba ba ne, ba nas ba ne, ba kuma likita ba. Ya ce a Najeriya abin sabo ne, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara horar da su a 2008. Da na bincika sharuɗɗan shiga irin wannan makaranta sai gwiwata ta yi sanyi. Kiredit biyar ake nema, Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fizis, kuma a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Sannan ga jarrabawar JAMB. Shekarata 26 a lokacin, ina da mata da 'ya ɗaya, rabona da biro shekara bakwai.

Na ji haushin wannan sharaɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce mene ne haɗin Fizis da ɗaukar mai rauni? Ni da na shekara uku a motar asibiti, a ce yaron da ya fito sakandare jiya ya fi ni cancanta don ya iya lissafin wutar lantarki? Innata ta ce, “Gemu ba ya hana ilimi. Ka je ka zauna da yaran.” Na shiga darasin dare tare da sa'o'in ƙannena. Na zauna jarrabawar 'yan waje, na samu huɗu, Fizis ta kayar da ni. Shekara ta zagayo na sake zama, Allah Ya ba ni ita. Matata ta sayar da keken ɗinkinta, na sayar da rabona na gonar gado, na hau motar kudu.

Watannin farko a makaranta ko ƙofar motar asibiti ba mu taɓa ba. Sai ilimin sassan jiki, da yadda kowane sashe ke aiki, da ilimin magunguna, duk da Turancin da sai na kwana ina duba ƙamus. Wata rana na kasa haƙuri na tambayi wani malaminmu, wanda ya yi karatunsa a Afirka ta Kudu, yaushe za a fara koya mana aiki. Amsarsa ta zauna mini har yau. Ya ce nas a asibiti tana da likita kusa, likita yana da ɗakin gwaji da na hoto da kuma babbansa da zai kira. Kai kuwa a bakin titi kai ne duka, cikin duhu, ga jama'a na ihu a kanka. Wanda aka koya wa matakai kawai zai yi daidai muddin mara lafiya ya zo kamar yadda littafi ya ce. Ranar da ya zo ta wata siffa, sai wanda ya san dalilin kowane mataki.

Sannu a hankali na fara ganin inda abubuwan suka haɗu. Fizis ɗin da na tsana, ita ta fahimtar da ni cewa idan gudun mota ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninkawa huɗu yake yi, don haka kafin ka taɓa mutum ka dubi motar, ka dubi nisan da ta jefa shi, za su gaya maka irin raunin da za ka nema ko da ba jini a waje. Ita ce kuma ta sa na iya duba agogon tukunyar oksijin in ƙiyasta ko za ta kai mu inda za mu. Lissafi kuwa, maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, kuma ɗigo ɗaya na lissafi da ka rubuta a tsakanin lambobi inda bai dace ba zai mayar da magani ninki goma. Aka koya mana tsarin duba mutum: tsayar da jinin da ke kwarara, sannan hanyar iska, sannan numfashi, sannan zagayawar jini, sannan hankali. Aka koya mana ma'aunin Gilasgo na zurfin suma, daga 3 zuwa 15, yadda idan ka kira asibiti ka faɗi lamba ɗaya sun san abin da ke tafe. Muka yi ta danna ƙirjin mutum-mutumi, dannawa 30 hura iska 2, sau 100 zuwa 120 a minti, har kafaɗunmu suka yi tsami. Muka zaga ɗakin haɗurra da ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa da na masu tsananin jinya.

Ranar da aka zo darasin raunin ƙashin baya, malami ya kwantar da ɗayanmu a ƙasa, ya nuna yadda mutum ɗaya zai durƙusa ta wajen kai ya riƙe shi da hannu biyu, shi ne kuma mai ba da umarni, sauran su juya jikin gaba ɗaya kamar gungumen itace. Ya lissafa alamomin da za su sa ka yi zargi: ciwon wuya, tsira ko mutuwar jiki a hannuwa, da irin faɗuwar da aka yi. Duka ukun yaron nan ya ba ni. Na fita daga ajin na zaga bayan gini na yi kukan da ban yi ba tun rasuwarsa. Darasin bai fi awa biyu ba.

Na gama difloma ta ƙasa bayan shekara biyu, na dawo gida, yanzu a bayan mota nake zama ba a gaba ba. Zan ba ku misali ɗaya na abin da karatun ya canza. An kira mu gidan wani dattijo cikin azumi, yana ta gumi, yana surutai, yana kai wa 'ya'yansa duka, gefen bakinsa kamar ya karkace. Wasu na cewa shanyewar ɓarin jiki ce, wasu na cewa iska ce, har an tura a kira mai ruƙiyya. Da a da ne, sungumarsa zan yi in kunna jiniya. Na tambayi uwargidansa, “Hajiya, Baba yana shan maganin sukari?” Ta ce yana sha, kuma da asuba ya sha amma bai ci abin kirki ba. Na tsaga yatsarsa na auna, sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Na sa masa ruwan sukari ta jijiya. Kafin mu gama haɗa kaya ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya tara mutane a ɗakinsa. Na'urar awon ba ta fi tafin hannu ba, kowa zai iya koyon danna ta cikin minti biyar. Sanin cewa ita ya kamata a fara ɗaukowa a wannan ɗaki, shi ne ya ci mini shekara biyu.

Abu mafi wuya har yanzu shi ne jama'a. Idan na durƙusa na riƙe kan mai rauni na ce kada kowa ya taɓa shi, sai ka ji ana cewa, “Kai wane irin mara imani ne, ka tsaya kana kallonsa!” An taɓa cakumar rigata. Ba na ganin laifinsu, fuskata ta da nake gani a fuskokinsu.

To yanzu ga batun matakin karatu, wanda shi ne rigimar da ke tsakaninmu ma'aikata. A tsarinmu, wanda Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi, difloma ta ƙasa shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta aiki, sai babbar difloma shekara biyu. Sauran duniya kuma gaba take yi. A Birtaniya, daga watan Satumba na 2021, sabon ɗalibi mai son a yi masa rajistar paramedik sai ya shiga karatu mai matakin digiri, amma ba a kori waɗanda ke cikin rajista tun da ba. A Afirka ta Kudu an yi zamanin da kwas na mako huɗu yake isar mutum ya shiga motar asibiti, daga baya suka rufe wannan ƙofa suka kafa matakai uku: satifiket na shekara ɗaya, difloma ta shekara biyu, digiri na shekara huɗu. Amurka tana da matakai huɗu, mutum yana farawa da kwas na 'yan watanni yana aiki yana hawa har ya kai paramedik. Abokan karatuna da suka nemi aiki a Saudiyya sun tarar a can ma mai difloma matsayinsa daban, mai digiri daban, albashi ma haka.

Idan aka tambaye ni, ina tare da masu cewa a ɗaga karatun, har ya kai digiri ga wanda zai jagoranci ma'aikatan motar asibiti. Ilimin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin ɗaure wuyan nan mai tauri da aka koya mana a sa wa kusan kowa, yanzu masana na sake duba wa ya kamata a sa wa, wa kuma bai kamata ba. Wanda bai iya karanta bincike ya auna shi ba, zai mutu yana yin abin da aka koya masa shekara ashirin baya. Amma ina da sharaɗi, kuma a kansa nake ɗaga murya a duk taron da aka ba ni dama. Kada a sa tsani a cire matakalarsa ta ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi kula da mai buƙatar gaggawa, dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, ga lambar kiran gaggawa 112 da ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. Duk wannan alheri ne. Sai dai sayen mota kwana ɗaya ne, horar da mai shiga cikinta shekaru. Kafin masu digiri su wadata, waɗanda ke isa wurin haɗari a titunan Arewa su ne direbobi, 'yan agaji, 'yan acaɓa da masu Keke Napep. In ba a yi musu matakin farko na gaskiya ba, mai jarrabawa da sabuntawa, kuma da harshen da suke ji, to abin da na yi a 2011 ana nan ana yin sa kullum.

Direban motarmu dattijo ne, ya kusa shekara ashirin yana wannan aiki. Ya san kowane rami daga nan har Zariya, kuma ban taɓa ganin mai iya kwantar da hankalin dangin mara lafiya kamarsa ba. Ko firamare bai gama ba, don haka babu makarantar da za ta karɓe shi. Duk ranar da ba mu da kira, sai mu zauna a inuwar mota in fassara masa littattafaina da Hausa. Wata rana na zana masa ƙasusuwan nan bakwai a bayan wani tsohon kati, kamar yadda aka zana mini. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, ni mutum nawa na ɗauka a haka?” Na ce, “Baba, ni ɗaya na sani, kuma ya ishe ni.”

Yanzu mu biyu muke zuwa tashar garinmu ranar Asabar ta farkon kowane wata. Shugaban direbobi yana tara mana mutane bayan azahar. Ni nake bayani, Baba ne yake durƙusawa ya riƙe kai, don idan shi ya yi sun fi yarda. Ni kuma na sayi fom na babbar difloma, 'yata ta fari ce take taya ni bitar Kimistiri da dare. Yaron nan ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, danginsa sun tafi da shi kafin in iso. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.